Kiwon da Na Yi a Bron

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na koma cin ganye ba, kuma ko da na so in manta, akwai mata kusan arba'in tsakanin Lyon da Paris da suka ɗauki nauyin tuna mini.

Abin ya faro ne daga yatsuna. Tun cikin sanyi nake tashi da safe in tarar sun sandare, sa maɓallin riga ya zama aiki, buɗe murfin kwalba kuwa sai na kira maigidana Laminu. Na ce sanyin ƙasar nan ne, na sayi safar hannu. Sanyi ya wuce, yatsu suka ƙi saki, har gwiwa ta shiga sahu. Bayan an ɗebi jinina sau uku, likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali: sojojin da Allah Ya ajiye a jikin mutum don su kare shi daga cuta, nawa sun rikice, sun juya bindiga suna harbin 'yan gida. Ta tambaye ni ko na gane. Na ce mata ni 'yar Nijar ce, in dai batun soja ya juyo cikin gida ne, ba sai ta maimaita ba.

Ta rubuta mini magani, ta ce shi ne ginshiƙi, kada in yi wasa da shi. Da na matsa mata da tambayar abinci (na riga na yi sati ina karance-karance a waya, na zama rabin likita), sai ta ce akwai wani tsari da wasu ke gwadawa: a janye abincin da ake zargi na 'yan makonni, sannan a riƙa maido da shi ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda jiki ba ya so. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta dai tura ni wurin wata mai ba da shawara kan abinci, ita kuma ta miƙo mini takarda.

Babu gero, babu dawa, babu masara, babu shinkafa, babu alkama. Babu wake, babu gyaɗa, babu riɗi. Babu nono, babu ƙwai. Babu tumatir, babu tattasai, babu barkono. Na juya bayan takardar in ga ko an rubuta cewa wasa ake yi. Wanda ya tsara wannan takarda, ko dai bai taɓa ganin Bahaushe ba, ko kuwa ya san shi sarai kuma yana da ƙulli a kansa.

Kafin mu iso gida na sa Laminu ya yi mini alkawarin ba zai gaya wa kowa ba. Ina da dalilina. Wata 'yar uwarmu ta taɓa yin kuskuren faɗin cewa an ga sukari a jininta. Yau shekara tara ke nan ba wanda ya ƙara kiranta da sunan da ubanta ya raɗa mata, Mai-Sukari ake cewa, har ƙananan yara. Ga kuma magunguna. Na san ranar da labari ya fita, sassaƙe zai fara tasowa daga Damagaram a cikin akwatin duk mai zuwa, kuma kowane ƙullin leda da kiran wayarsa na jin ko na sha. Dalili na uku shi ne wanda ban gaya wa Laminu ba: girman kai. Ina aiki a ofishin rajistar ɗalibai na jami'a a nan Bron, a gefen Lyon, kuma a zauren matanmu na waya ni ce 'yar boko. Duk wadda ta turo saƙon cewa lemun tsami da zuma na maganin cuta goma sha biyu, ni ce mai rubuta mata a ƙasa, "Ina hujja?" To yanzu da wane baki zan ce ni ma na koma neman lafiya a cikin tukunya?

Laminu direban taram ne, jirgin nan mai bin titin cikin gari, mutumin da in ya ce "to" sau uku a yini ya yi surutu. Ya dube ni ya ce, "Ɓoyon nan fa, anya?"

Na ce, "Ka rantse kawai."

Ya rantse.

Na fara ne sati guda bayan ƙaramar Salla, daidai shigowar abin da Faransawa ke kira printemps, mu kuma muke ce masa bazara don ba mu da wani sunan da za mu ba shi. A gida bazara lokacin zafi ne da ƙarewar hatsi a rumbu. A nan kuwa lokacin da ƙasa ke haukacewa da kore ne, itatuwa su yi fure, mutane su fito su baje a ciyawa suna murna da rana kamar baƙuwa. Kasuwar unguwarmu ta ranar Asabar ta cika da sabon alayyafo, karas 'yan ƙanana da gashinsu, albasa mai lawashi, jajayen radi, da wasu korayen sanduna da ake kira asperge, waɗanda ake ɗaurewa dami-dami kamar asuwaki.

A nan ne Colette ta shigo labarin. Abokiyar aikina ce, teburinmu ɗaya, mace mai kirki wadda ba ta taɓa cin wani abu ba sai ta san sunan gonar da ya fito. Ita kaɗai na gaya wa, don na san ba ta da lambar kowa a Barbès, unguwar danginmu a Paris. Ta yi murna kamar na ce mata na musulunta a addininta. Ta ce ai kayan kasuwa ma na 'yan koyo ne, ganye na gaskiya shi ne wanda ya tsiro da kansa. Wata Lahadi ta ja ni babban lambun shaƙatawar da ke bayan unguwarmu, ta nuna mini pissenlit mai furen rawaya, da tafarnuwar daji, da wani ganye mai ƙaiƙayi da sai an sa safar hannu ake tsinkarsa. Na koma gida da jaka cike, ina jin kaina wata wayayya.

Ku fahimce ni. Da a ce a ƙauyenmu aka miƙo mini wannan ganye a kwanon sha, da na ce na ƙoshi. Amma da yake da sunan Faransanci ya zo, kuma Colette ta ce manyan gidajen abinci na Lyon suna sa shi a faranti, sai na riƙa taunawa ina lumshe ido. Yana da ɗaci. Yana da ɗaci ƙwarai. Na riƙa gaya wa kaina cewa ɗacin ne lafiyar.

Sati uku da farawa, zane ya fara zagaye ni sau biyu. Kowa yana maido jikin da azumi ya cinye, ni ina ci gaba da zubewa. Laminu kuwa akasin haka ya samu. Akwai shinkafa da taliya da man gyaɗa da muka tara kafin azumi, ya ce barinsu su lalace almubazzaranci ne, don haka ya ɗauki nauyinsu shi kaɗai, tsakaninsa da Allah. Kumatunsa suka fito, wuyan rigar aikinsa ya daina rufuwa. In muka jera a hanya, ba sai an yi wa kowa bayani ba: ga mai ci, ga mai kallo.

Wata Laraba da yamma, na taso daga aiki, na ratsa ta gefen lambun nan ni kaɗai, na ga pissenlit ya yi kyau a bakin hanya. Ina da leda a jaka da 'yar wuƙa. Na ɗaure gyale a ƙugu, na durƙusa, na shiga aiki. Ina cikin haka na ji an ce, "Salamu alaikum. Sannu da aiki."

Hajiya Balki ce, makwabciyarmu ta hawa na huɗu, tana jan kekenta na cefane. Mace ce mai son mutane, kuma wayarta ba ta taɓa yin sanyi ba. Na miƙe ina kakkaɓe gwiwa, na ce ina ɗan shan iska ne. Ta dubi ledar, ta dubi wuƙar, ta dubi ƙashin wuyana. Ta tambayi Laminu, na ce yana lafiya, yana can yana cin abinci. Sai ta ce, "Allah Ya rufa asiri, ɗiyata." Na amsa da amin, na koma kan ganyena. Na ga ta tsaya can gaba ta ɗaga waya, na ɗauka saƙo take dubawa.

Daga washegari kwanuka suka fara zuwa gidanmu. Yau dambu daga hawa na huɗu, gobe shinkafa da miya daga gidan da ke fuskantarmu, jibi fura daga wata da ko gaisuwar kirki ba ma yi. Na ce ikon Allah, albarkar Salla ce ba ta ƙare ba. Tun da ba abin da zan iya taɓawa a ciki, Laminu ne ya riƙa cinyewa. Shi ne kuma ke mayar da kwanon da kansa, da maiƙo a leɓe, ya ce, "An gode ƙwarai, na ji daɗinsa." (Daga baya na ji cewa wannan ce hujjar da ta fi kowace ƙona wa matan rai: har sadakar da aka kawo mata, shi ke cinyewa.)

Ana haka gayyatar suna ta zo daga Paris. Jikar Inna Rakiya ce aka haifa. Inna Rakiya yayar mahaifiyata ce, ta fi shekara talatin a Barbès, a wani gida da ke kallon gadar metro, jirgin cikin birnin, inda kofuna ke rawa a kan tebur duk bayan minti uku. Tun da na zo ƙasar nan ita ce uwata, ita ce ubana. Ita ta karɓi gaisuwar Laminu lokacin da ya zo neman aurena, mijinta Alhaji Abdu kuma, wanda ya yi ritaya daga babbar kasuwar Rungis, shi ya ba da ni. Sunan gidan nan ba wanda ake aika uzuri ba ne.

Na shirya guzurina a cikin robar abinci mai murfi: dafaffen ganyen ƙaiƙayi, pissenlit, sandunan asperge guda biyar, da yankan kifi a kai. Kifin nan da ya kai Paris, wataƙila da labarin ya canza. Amma tun kafin jirgin ƙasa ya yi nisa da Lyon yunwa ta taso mini, na cinye shi. Abin da ya isa Barbès ganye ne zalla.

Mun tarar gida ya cika har matattakala. Inna ta rungume ni, sai na ji ba runguma take ba, awo take. Ta damƙi dantsena, ta shafa haƙarƙarina, ta ja da baya ta dube ni daga sama har ƙasa. Sannan ta juya ta dubi Laminu da sabuwar shaddarsa da ta ɗame shi a ciki.

"Laminu. Lahiya ta samu, na gani."

"Alhamdu lillahi, Inna."

"To madalla. Wani dai yana ci."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Da azahar aka shigo da abinci ɗakin mata: dambu, masa, shinkafa da miyar tumatir mai ja wur, farfesu da ya sha barkono, ga fura da nono a babbar roba. Hancina ya sha wahala a ranar, Allah Ya sani. Na nemi lungu, na buɗe robata a kan cinya. Ɗakin da ake ta hayaniya ya yi tsit, har ƙarar metro ta fito sarai.

Inna ta matso ta leƙa. "Mene ne wannan?"

Da ina da hankali, nan ne wurin faɗin gaskiya. A maimakon haka na gyara zama na ce, "Salade de saison ce, Inna. Kayan bazara. Bio ne, babu taki babu komai. Haka nake ci yanzu."

"Kullum?"

"Kullum. Safe da rana da dare."

"Nama fa?"

"Ana samu wani lokaci."

Wata mata ta ce, "Innalillahi," a hankali. Wata ta sa bakin gyale a ido. Ni kuwa da na ga duk sun zuba mini ido, sai 'yar bokon da ke cikina ta motsa. Na ɗaga sandar asperge ɗaya na shiga yi musu lacca kan amfanin cin abin da ƙasa ta fitar a lokacinsa, da yadda muka lalata cikinmu da maiƙo. Na ce ai ganyen ma ba saye nake ba, da hannuna nake tsinkowa. Hajiya Balki, wadda ita ma ta zo sunan, ta gyaɗa kai ta dubi sauran, irin kallon wanda shaidarsa ta tabbata. Inna ta tashi ta fita.

Bayan la'asar aka ce Alhaji Abdu na kiran Laminu a falo. Na ɗauka addu'ar jaririya za a ƙara. Sai na ga mata suna ta tururuwa zuwa baranda, kowace na neman inda za ta jiyo, kuma duk wadda muka haɗa ido sai ta kau da kai. Na bi su, robata a hannu. An bar ƙofar falo a buɗe. Alhaji na zaune a tsakiya, liman a damansa, wani dattijo a hagunsa, Laminu a ƙasa a kan darduma. A kusurwa akwai wani tudu da aka lulluɓe da zane, wanda tun safe nake zaton kayan barka ne.

Alhaji ya yi salati, ya yi gyaran murya.

"Laminu, ranar da na ba ka yarinyar nan, mi na ce maka?"

"Ka ce amana ce, Alhaji."

"Amana. Ci da sha da sutura. Ban ce ka gina mata bene ba." Ya ɗaga waya ya juyo da ita. Ko daga baranda na gane kaina: ga ni durƙushe a bakin titi, gyale a ƙugu, wuƙa a hannu, taram na wucewa a bayana. "Wannan ɗiyar wa ce?"

Laminu ya dubi hoton ya sunkuyar da kai.

"In shomaji ne, aiki ya tsaya, ka faɗa, ba a kanka aka fara ba. In cacar tiyarse kake bugawa, dawakin Faransa na cinye albashinka, ka faɗa, a yi maka addu'a. Amma kai ka yi ƙiba har wuyanka ya ɓace, matarka na kiwo a bakin hanya? A ƙasar da ake zubar da burodi a shara?"

Liman ya yaye zanen da ke kusurwa. Buhun shinkafa ne, da gero, da taliya, da jarkar man gyaɗa, da katan na tumatirin gwangwani, da madara, da ƙwai tire biyu. Matan Lyon da na Paris ne suka haɗa, tsofaffin abokan aikin Alhaji na Rungis suka kawo. In ka ɗauki takardar nan tawa ta "babu, babu" ka je kasuwa da ita ka sayo duk abin da ke ciki, abin da za ka tara ke nan.

"Mi za ka ce?" in ji Alhaji.

Na san Laminu. Na ga yadda kunnuwansa suka yi, na ga hannunsa na murza gefen darduma. Kalma huɗu za su wanke shi: ba ta da lafiya. Bai waiwayo ya neme ni ba ma. Ya ce, "Na ji, Alhaji. A yi haƙuri. Za a gyara."

Zan so in gaya muku cewa nan take na faɗa ɗakin. Ban faɗa ba. Na tsaya a baranda ina lissafi a zuci: in na yi shiru, faɗa ne za a yi masa na yini ɗaya, ya wuce, in na yi magana, suna ne zai bi ni har kabari. Na kai minti biyu ina wannan tunani, mijina na zaune a ƙasa gaban dattawa yana karɓar laifin da bai yi ba. Har yau in na tuna minti biyun nan sai in ji kunya ta rufe ni, fiye da duk abin da ya biyo baya.

Abin da ya ture ni shi ne da Alhaji ya ce, "To ita za ta zauna nan wurin Innarta, har sai mun ga gyaran. Kai ka koma Lyon kai kaɗai." Laminu ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To."

Na kutsa tsakanin mata na afka falon ko sallama babu. Da yake a ruɗe nake, Faransanci ne ya fara fitowa, na ce, "C'est pas lui, c'est moi!" wato ba shi ba ne, ni ce. Gwiwar nan tawa mai ciwo ta zaɓi wannan lokaci ta ƙi lanƙwasuwa, na yi tuntuɓe da bakin darduma, roba ta kuɓuce, murfi ya yi gefe. Sauran ganyen ya watse a gaban dattawa, sandar asperge ɗaya ta gangara ta tsaya daidai kan ƙafar liman. Bawan Allah ya ɗauke ta da yatsu biyu yana jujjuyawa.

A durƙushe, ina tattara ganye, na faɗi komai. Yatsu, jini, sojojin da suka juya, takardar likita, rantsuwar da na sa shi. Na zazzage jakata na fito da kwalin magani na ɗaga sama kamar katin zama. Na ce Laminu bai taɓa hana ni ko ƙwayar shinkafa ba, ni na hana kaina, kuma ni na ɗaure masa baki.

 Sai muryar Inna daga bakin ƙofa: "Ciwo ne? Ciwo kawai?"

Ban taɓa jin an yi murna da ciwon mutum kamar ranar ba. Baranda ta kaure da hamdala. Kafin in miƙe an ambaci habbatus sauda sau huɗu, wata ta ce akwai malami a Maraɗi, wata ta ce ai sanyi ne, a nemo mini man kaɗanya. Alhaji Abdu ya daɗe yana kallon Laminu, sannan ya ce, "Kai kuma wane irin mutum ne? Ana yanka ka kana cewa to?"

Laminu ya ce, "Na rantse ne, Alhaji."

Dattijon ya miƙa masa hannu biyu. Ni dai ba wanda ya miƙo mini komai.

Inna ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Na shirya wa faɗa, sai na ga ta zauna a kan kujera kamar wadda ta sauke kaya. Ta ce lokacin tana 'yar shekara tara aka yi shekarar da ruwa ya ƙi, rumbu ya ƙare tun kafin bazara ta raba. Ita da mahaifiyata, wadda ke goye a bayanta, su ke fita jeji tsinkar tafasa da duk wani kore da akuya ba ta riga su ba, a dafa da gishiri in akwai. Akwai ɗan'uwansu namiji tsakaninsu da bai ga damina ba. Ban taɓa jin sunansa ba sai ranar.

"Da na hau jirgi zuwa ƙasar nan," in ji ta, "na ce wa Allah, duk wahalar da zan sha na yarda, amma jinina ba zai ƙara durƙusawa a bakin hanya yana tsinkar ganye ba. Sai ga Balki ta turo mini hotonki. Kwana huɗu ban ci abincin kirki ba."

 Na yi kuka, irin mai majina.

Ta bar ni na gama, sannan ta miƙo hannuwanta a kan tebur. Yatsunta biyu a karkace suke, gaɓoɓin sun kumbura. Shekara nawa ina cin abincin hannun nan ban taɓa dubansa ba. Ta ce, "Kin ga nawa. Duk Barbès an sani. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar buhu da kaina ba. Kawo takardar taki."

Na karanta mata, tana tsayar da ni.

"Rogo fa?"

"An yarda."

"Doya? Dankalin Hausa?"

"An yarda."

"Kuka? Kuɓewa? Zogale? Nama? Kifi?"

Na duba, na sake dubawa. Na ce duk an yarda.

Ta dafe kai. "To don Allah mi ya kai ki bakin titi? Duk wannan yana nan ƙarƙashin gadar metro, yana nan a shagunan Lyon. Sakwara da miyar kuɓewa ce ba ta yi miki ba, sai abin da Nasara ta raɗa wa suna?"

Gaskiyar ke nan. Sati biyar ina tauna ɗaci ina ramewa, alhali rabin girkin uwata yana cikin abin da aka halatta mini. Ban gan shi ba ne saboda ba shi da hoto a shafukan da nake karantawa. Kafin magariba Inna ta kirɓa mini sakwara da miyar kuɓewa ɗanya, babu barkono babu daddawa, tana yi tana tsaki wai miya ba barkono zalunci ce. Na cinye, na suɗe kwano.

Kayan kusurwa kuwa ba a mayar da kyauta. Washegari haka muka jawo su har tashar jirgi, Laminu da buhu a kafaɗa, jarkar mai a hannu, ni da tiren ƙwai biyu da ba ni da ikon fasa ko ɗaya. Har muka yi rabin hanya bai dube ni ba. Na ba shi haƙuri sau uku, yana kallon gonaki ta taga. Can ya juyo ya ce, "Na riƙe miki alkawari. Amma shinkafar nan tawa ce." Ban yi gardama ba. Ya ci ta har tsakiyar damina, kuma duk lomar da ya kai baki halaliyarsa ce.

Yatsuna sun yi sauƙi yanzu. Ko maganin likita ne, ko tsarin abincin, ko man kaɗanyar da aka aiko mini kwalba shida, ban sani ba, kuma a zauren waya na daina tambayar kowa hujja. Da aka zo maido da abinci ɗaya bayan ɗaya, gero ya wanke kansa, shinkafa ta wanke kanta, gyaɗa ce kawai har yau muke kallon juna. Duk ranar Juma'a Inna na kira ta tambayi yatsu, ni ma in tambayi nata.

Sunan da na guda kuwa, na tsira daga gare shi. Ba wanda ke ce mini mai ciwo. Daga Barbès har Bron, har da jaririyar da aka yi wa suna ranar, wadda yanzu ta fara magana, Akuyar Lyon ake ce mini.

Abin da na koya shi ne, in ka ɓoye wa danginka ciwonka, ba za su zauna haka nan ba, za su zaɓar maka wani da kansu, kuma ba mai sauƙi za su zaɓa ba. In kuwa ka yi rashin sa'a irin tawa, ba a kanka za a ɗora shi ba, a kan bawan Allahn da ya fi kowa rufa maka asiri ne.